Ƙyauren Kaka Tumba da 'Ya'yan Gulbi

Shekarar da ruwan Rima ya shigo mana gida ina ƙarama, da kaɗan na fi tsawon turmi. Ƙauyenmu yana can ƙasan Wurno, bakin fadama, inda albasa da shinkafa suke jin daɗi, mu kuma muke kwana da kunne ɗaya a buɗe duk ƙarshen damina. Wannan karon ruwan bai tsaya inda ya saba tsayawa ba. Ya rushe katangar gida, ya narkar da ɗakunan Babanmu, ya bar ɗaki ɗaya tak a tsaye, na Kaka Tumba, saboda marigayi mijinta ya gina shi a kan tudun duwatsu. Muka kwashi abin da hannu ya iya ɗauka muka haura Marnona, gidan Goggonmu.

Da ruwa ya ja baya maza suka koma duba abin da ya rage. Kowa ya ba da saƙo: wannan tukunya, wancan galma. Da aka tambayi Kaka abin da za a ɗauko mata, ba ta ce akwatin zannuwa ba, ba ta ce tasoshi ba.

"Gambuna nika so," in ji ta.

Gambu shi ne ƙyaure a bakin mutanenmu. Nata na katakon maɗaci ne, mai nauyi, Kakanmu masassaƙi ya yi shi da hannunsa shekarar da ya aure ta. Ranar gudu ruwa ya kumbura shi har ya ƙi buɗuwa, sai da aka ɓalle shi daga ƙarafansa kafin a fito da ita, aka yar da shi a tsakar gida. Nan ya kwanta cikin ruwa har ruwan ya gaji ya tafi. Da aka sauke shi daga amalanke a Marnona ya yi baƙi ƙirin, ya kantare, fumfuna ta yi masa fari a gefe, ga wari kamar na tsohuwar rijiya. Goggo ta toshe hanci ta ce ko a murhu wannan ba zai ci wuta ba. Kaka ta dube ta sau ɗaya, Goggo ta tuna tana da aiki a madafa.

A cikin kwanakin nan Baffa Sani ya iso. Shi ne ɗan farin Kaka, yana sayar da albasa a Sakkwato, kuma shi ne ya shiga ruwa har ƙirji ya goyo ta a bayansa ranar gudu. Tunda ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin birni", ko da yana zaune gabanta. Ya zo da magana ɗaya a bakinsa: Babanmu zai sake gini a kan tudu bayan gari, tsohon gida an bar shi ke nan, ita kuwa tsohuwa za ta bi shi Sakkwato, ya gyara mata ɗaki mai siminti da fanka. Ya ce ba zai bar uwarsa ta kwana a kango ba, a ɗakin da ko ƙyaure babu.

Ni a lokacin haushinsa nake ji, don in an tafi da Kaka an tafi da tatsuniya. Yanzu da na girma na san tsoro ne ke magana a bakinsa. Mutumin da ya ji nauyin uwarsa a baya, ruwa yana jan ƙafafunsa, ba ya son a sake.

Kaka ta saurare shi har ya gama, tana ɓarar gyaɗa. Sannan ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife su duka, a nan aka yi wa ubansu wanka, ba ruwan da zai zaɓa mata inda za ta mutu. Aka ja, aka ja, har Babanmu ya rasa inda zai sa idonsa. Daga ƙarshe ita ta yanke.

"In gambun ga ya koma gurbinai ya ruhe, ina nan. In ya ƙiya, a kai ni inda aka so."

Baffa ya kalli ƙyauren, ya ga yadda ya lanƙwashe, ya yarda nan take. Aka tsayar kan cewa za a gwada kafin dashen albasa, lokacin da zai dawo sayen iri.

Washegari kowane gida a Marnona da ke da baƙin ruwa irinmu ya baza kayansa a rana. Gadaje, kujerun tsugunno, akusa, turame, duk an jera su suna shan zafi. Haka muke yi da komai: hatsi rana, kuɓewa rana, tufafi rana, wa zai ce katako daban ne? Kaka ita kaɗai ta sa aka ja nata ƙarƙashin rumfar kara, inda iska ke wucewa amma rana ba ta leƙowa. Ta sa aka ɗora shi a kwance kan itatuwa don kada ya taɓa ƙasa, aka danne tudun bayansa da dutsen niƙan Goggo da wasu duwatsu. Kullum da safe sai ta zauna da tsingaro tana kankare fumfunar, ta goge da tsumma, ta sa a juya shi, a mayar da duwatsu. Mata masu shigowa gaisuwa suna yi mata dariya a ɓoye, wai tsohuwa tana jinyar katako. Ita kuwa ko a jikinta.

Da dare, bayan an yi sallar isha'i, ake hura wuta a tsakar gida a zuba mata ɗanyen ganyen dogon yaro saboda sauro. Sauron bayan ambaliya ba ya jin magana, sai hayaƙi. Mu yara, mu da 'ya'yan Goggo, mu kewaye wutar muna tari muna hawaye, Kaka a kan tabarmarta, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. A nan na fi jin daɗin duniya, duk da ba mu da gida. Muryarta ba ta da ƙarfi, dole ka matso, kuma in ka yi surutu sai ta tsaya cak ta ce tatsuniyar ta yi fushi ta koma, sai an lallashe ta. Ƙyauren yana can nesa da wutar, ta hana ko a matsar da shi kusa don ya ji ɗumi.

Ana haka Baffa ya biyo ta Marnona zai wuce kasuwar Gandi, ya kwana. Da safe Kaka ta tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa. Baffa ya shiga rumfa, ya taɓa ƙyauren, ya ji har yanzu da sanyi. Ban ce mugunta ya nufa ba, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa zarginsa da ita ba. So yake abin ya bushe a gwada, a daina ja masa rai. Ya sauke duwatsun, ya ja shi tsakiyar gida, ya jingina shi a bango inda rana ke duka, ya tafi kasuwarsa. Kafin azahar muka ji ƙara, ƙas, kamar an karya kara. Tsaga ta tashi daga gindin ƙyauren ta haura har kusan rabi, yatsana yana shiga ciki.

Da Kaka ta dawo ta tsaya a bakin zaure tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, kuma mun fi tsoron haka. Ta ajiye mayafi, ta kama gefe ɗaya na ƙyauren da kanta, Goggo ta ruga ta kama ɗayan, aka mayar da shi inuwa. Ta tambayi wanda ya sa shi a rana, aka gaya mata. Ta ce to.

A daren nan Baffa ya dawo daga Gandi, ya zauna can gefen wuta yana cin tuwo, kansa a ƙasa, don Goggo ta riga ta tsegunta masa. Kaka ta gyara zama. Maimakon buɗewar da muka saba, sai ta ce, "Ga wata nan tahe, jiƙe sharkaf." Ba mu san amsar wannan ba. Ta ce mu ce ta shigo ta sha inuwa. Muka faɗa da ƙarfi.

Wai a wani zamani Gulbi yana da girman kai. Yana cewa duk abin da ya shiga nasa ne. Wata shekara ya shiga wani gari, ya zaga ɗaki ɗaki, da zai koma sai ya bar 'ya'yansa ƙanana a cikin kowane katako na garin, cikin turmi, cikin akushi, cikin ƙyaure, ya ce su zauna su riƙe masa wuri. Mutanen gari suka dawo suka tarar kayansu sun kumbura, 'ya'yan Gulbi sun yi kane-kane a ciki. Ransu ya ɓaci. Suka ce wa ke maganin Gulbi? Rana. Suka je suka yi kuka gabanta, Rana kuwa mai son mutane ce, mai zafin zuciya, ta ce ku bar ni da su. Ta sauko da ƙarfinta duka. 'Ya'yan Gulbi suka firgita, suka tashi gudu gaba ɗaya, ƙofar fita ƙarama, su da yawa. Sai suka fasa bango suka fice. Turame suka dare, akusa suka rabe biyu. Gulbi yana can kwance yana dariya, yana cewa shi jiƙawa kawai ya yi, masu gida da abokiyarsu suka ƙarasa masa aiki.

Amma akwai wata mata a ƙarshen gari, mai taurin kai, wadda ba ta da komai sai akushi ɗaya da uwarta ta bar mata. Rana ta leƙo ta ce kawo in taimake ki. Matar ta gode mata, ta ce a'a. Maƙwabta suka ce ta haukace. Ta kai akushinta inuwa, ta kira ƙaramar iskar nan ta hantsi wadda ko ganye da ƙyar take motsawa, ta zauna. Kullum sai ta kama hannun ɗan Gulbi ɗaya, ta raka shi bakin ƙofa, iska ta tafi da shi. A nan Kaka takan canza murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa, da ladabin da ke cike da rashin mutunci.

"Sauka lahiya. Ka gai da tsohonka. Ka ce mai nan ba gidanai na ba."

Mu kuwa dariya har da faɗuwa. Haka matar ta yi ta yi har ta sallami ɗan autansu. Sannan ta ɗauko man kaɗe ta shafe akushin ciki da waje, ta toshe duk ƙofar da suka bi. Da shekara ta kewayo Gulbi ya dawo neman wurin da aka riƙe masa. Ya zaga akushin, ya tura nan, ya tura can, ya zame. Ya ce wace ce ke? Ta ce ita ce wadda ta yi wa 'ya'yansa rakiya. Gulbi ya koma da kunya, ita kuwa ta zuba tuwonta a akushinta ta ci.

Wani ɗan Goggo ya tambaya ko Rana muguwa ce. Kaka ta ce a'a, Rana ba ta da mugunta ko kaɗan, son mutane ne ya yi mata yawa har ba ta iya jira. Ba ta kalli gefen da Baffa yake ba. Ta rufe da cewa, "Nan tat tsaya. Wanda yaj ji ya ji, wanda bai ji ba shi tambayi gambu." Baffa ya wanke hannu ya tashi, bai gama tuwonsa ba.

Tsagar ba ta sa Kaka ta saki ba. Ta aika aka samo mata ƙaro daga jikin bagaruwa, ta jiƙa shi ya yi kauri, ta karɓo garin katako wajen wani kafinta, ta kwaɓa su tare. Sai da ƙyauren ya daina sanyi a tafin hannu, ya fara amsawa da ƙara in an ƙwanƙwasa, sannan ta cusa kwaɓin cikin tsagar da tsinke, kaɗan kaɗan, ta sa aka ɗaure shi tam da igiya. Da ya kama sai ta bi shi da man kaɗe, tana murzawa da tafin hannu har katakon ya sha, baƙin ya koma ja mai duhu. Kantarewar ma duwatsun Goggo sun danne ta, saura ɗan kaɗan. Goggo dai ta yi ta ƙorafin an hana ta niƙa.

Da dashen albasa ya ƙarato, Baffa ya dawo. Aka ɗora ƙyaure a amalanke, aka ɗora Kaka, muka bi a ƙasa har tsohon gida. Ban manta yadda wurin ya koma ba: fili fetal, busasshen taɓo ya tsattsage, ɗakinta shi kaɗai a tsaye da baki a buɗe. Babanmu da Baffa suka ɗaga ƙyauren suka mayar da shi kan ƙarafansa. Ya hau. Aka tura shi ya tafi sumul, har na fara murna. Sai ya tsaya. Saura kamar faɗin yatsa ya shiga gurbinsa, gefen sama ya cije. Babanmu ya tura da kafaɗa, ya ƙi.

Sharaɗi dai kowa ya ji shi, kuma daga bakinta ya fito. Baffa ya share gumi, ya ce a hankali, "Inna, kin gani."

"Na gani," in ji ta. "Ba a ƙare ba."

Ta shiga ɗakin, ta miƙa hannu saman bango inda ruwa bai kai ba, ta zaro gizagon Kakanmu. Ta fito ta tsaya gaban ƙyauren, ta ɗaga gizagon sama. Wurin da ya cije ya fi ta tsawo, sara na farko ya zame ko alama bai yi ba. Ta sake ɗagawa. Na tabbata da an bar ta da ta yini a nan, ta kwana, ta wayi gari tana sara.

Baffa ya matso ya riƙe ƙotar. Ta ƙi saki, shi ma ya ƙi, suka tsaya haka suna kallon juna. Sannan ta saki. Na zaci ajiyewa zai yi. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Babanmu, ya shafa gefen ƙyauren da yatsa yadda aka ce ubansa yana yi, ya fara feƙewa siriri siriri. Yana sassaƙar abin da zai raba shi da uwarsa, ya kuma sani. Da ya gama ya ja baya.

Kaka ta shiga ɗaki ta turo ƙyauren. Ya rufe. Muka ji ta zura sakata. Muka yi ta jira a waje, rana tana dukanmu. Daga ƙarshe Baffa ya yi sallama ya ƙwanƙwasa.

"Wane na?" in ji ta daga ciki.

"Ni na, Inna."

"To, mutumin birni, maraba. Mai gida na zuwa."

Babanmu ya fashe da dariya, Baffa ya juya baya yana goge ido da hula. Baffa ne ya biya aka kewaye mata gidan da zana, ni kuma aka ba ta ni in riƙa kwana tare da ita. A ɗakin nan ta rayu sauran shekarunta, a bayan ƙyauren nan ta cika, kamar yadda ta ce.

Da ɗakin ya tsufa ya faɗi, aka zo rabon 'yan kayanta, na ce ƙyauren nake so. An yi mini dariyar da aka yi mata. Na tafi da shi Goronyo inda nake aure, aka sa mini shi a ɗakin ajiya. Na daɗe ina ɗaukan tatsuniyar nan a matsayin dabarar gyaran katako kawai, kuma tana aiki, duk matar da ta bi ta a unguwarmu ba ta yi asarar turmi ba. Sai da maigidana ya rasu na gane sauran. Mutane suka yi mini caa da ƙauna: ki daina kuka, ki sayar da gidan, ki koma wurin 'yan'uwa, ki manta. Kowa yana so in bushe yau yau. Ba wanda ya nufe ni da sharri a cikinsu, kuma da na biye musu da na dare gida biyu. Abin da ya shige ni ɗaya bayan ɗaya ya fita, a inuwa, a lokacinsa. Har yau in na sa yatsa a kan tabon tsagar nan sai in tuna ruwa ya kwana a jikin ƙyauren nan ya tashi bai fasa shi ba. Wanda ya goyo Kaka a baya ne ya fasa shi, da rabin yini.

Daminar bara ruwa ya shigo mana har gwiwa. Ƙyauren Kaka ya sake sha, ya sake kumbura, na sa aka cire shi aka kwantar a rumfa, na danne shi da bulo tunda dutsen niƙa ya yi wuya yanzu. Ina cikin kankare fumfuna sai ga ƙanena Aminu daga Sakkwato, da fuskar Baffa sak. Ya dubi layin da ruwa ya bari a bango, ya dubi 'ya'yana, ya ce ya gyara mini ɗaki, in haɗa kaya, wannan karon ba zai ji wata magana ba. Na san tsoro ne, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Na bar shi ya gama.

"Ba ni zuwa ko'ina, Aminu. Gambu bai bushe ba. Zo kama min mu juya shi."

Ya tsaya yana kallona, yana kallon tsohon tabon. Shi ma yana bakin wutar nan a Marnona, a kan cinyar Goggo, ko da yake ya ce bai tuna komai ba. Ya ajiye makullin motarsa a kan bulo, ya naɗe hannun riga, ya kama ɗaya gefen. Da muka ɗaga sai ya ja wajen hasken rana, na ja wajen inuwa, ya biyo ni.